Yadda Ake Duba Ƙafar Mai Ciwon Suga Kafin Gyambo Ya Fito

Ma'aikatan ƙananan asibitoci a Kebbi, da masu jinyar iyayensu a gida, sun sha tambayar abu guda: ta yaya za a gane ƙafar da ke shirin yin gyambo alhali mai ita bai koka da komai ba? Ga yadda ake yi daki-daki, kuma idan hannu ya saba aikin bai kai minti 10 ba.

Ciwon suga idan ya daɗe yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da na taɓi, daga yatsun ƙafa yake farawa ya yo sama. Kusan rabin masu ciwon sukan gamu da wannan, kuma a cikinsu kusan rabi ba sa jin wata alama. Wanda ƙafarsa ke hana shi barci da raɗaɗi zai kawo kansa. Wanda ake nema da wannan gwaji shi ne mai cewa "ƙafata lafiya lau", alhali zai taka ƙaya ya wuni da ita bai sani ba.

Mai nau'i na 2, wato irin wanda ya fi yawa a tsakanin manya, ana duba shi tun ranar da aka gano ciwon, domin galibi sugan ya yi shekaru yana ɓarna kafin a gane. Mai nau'i na 1, wato wanda galibi tun ƙuruciya yake kamawa, ana farawa bayan shekara 5 da ganowa. Daga nan kowa aƙalla sau ɗaya a shekara.

1. Haɗa kayan aiki

Babban makami shi ne monofilamen mai giram 10, siririn zaren nailan ne da aka dasa a jikin mariƙi, wanda ke lanƙwasa daidai lokacin da nauyin da aka danna ya kai giram 10. A jikin wasu za ka ga an rubuta 5.07, duk abu ɗaya ne. Sai ƙarfen nan mai ƙaho biyu da ake kira tunin fok, kuma lallai ya kasance mai lamba 128. Mai 256 da mai 512 na gwajin kunne ne, kaɗawarsu ba ta dace da wannan aiki ba. Sauran su ne safar hannu, auduga da sifirit, tocila, takarda da biro, da benci ko kujerar da za a miƙe ƙafa a kai.

Wajen kuɗi, monofilamen ne mafi araha, sai dai yana ƙarewa. Tunin fok ya ɗan fi shi tsada amma sau ɗaya ake saye. Na'urar dofla ta hannu, mai sauraren gudun jini, ita ce mai nauyin kuɗi, kuma rashinta ba ya hana komai a matakin farko. Shagunan kayan asibiti na Birnin Kebbi da Sakkwato ne wurin tambaya, a kuma sayi monofilamen aƙalla biyu lokaci guda.

Gargaɗi: zaren yana gajiya. Bayan an gwada mutum 10 zuwa 15, a ajiye shi ya huta awa 24, shi ya sa ake son biyu. Bayan mutum 70 zuwa 90 a sauya shi gaba ɗaya, haka ma idan ya karkace ya ƙi miƙewa. Zaren da ya gaji yana lanƙwasa tun nauyin bai kai ba, sai ka yanke wa mai lafiya hukuncin cewa ba ya ji. Kada a bar shi a rana ko cikin mota a rufe. Kada kuma a maye gurbinsa da tsinken tsintsiya, ko allura, ko zaren fatsa da aka yanko ba tare da awo ba. Mai shakka a kan zarensa ya danna shi a kan ƙaramin sikelin lantarki irin na masu awon zinare, ya ga ko lambar tana tsayawa kusa da 10 lokacin da ya lanƙwasa.

2. Yi tambaya kafin ka taɓa ƙafa

Tambayoyi uku ne ke da nauyi fiye da sauran, domin kowace cikinsu, idan ta haɗu da rashin ji ko ƙarancin jini, tana kai mutum rukunin da ya fi haɗari. Ya taɓa yin ciwo a ƙafa da ya daɗe bai warke ba? An taɓa yanke masa yatsa ko wani sashe na ƙafa? Yana da ciwon ƙoda mai tsanani, ko ana masa wankin ƙoda?

Sai alamomi. Kada ka ce "kana da matsalar jijiya?", ba za ka samu amsa mai amfani ba. Yi magana da irin kalaman da masu ciwon ke faɗa: "Baba, kakan ji tafin ƙafarka na zafi kamar an zuba barkono, musamman da dare?" "Inna, kikan ji kamar ana tsira miki allura, ko kamar tururuwa na bin ƙafar?" Wasu za su ce ji suke kamar a kan auduga suke tafiya. Tambayar da ta fi kama mutane ita ce ta silifa: "Ya taɓa fita daga ƙafarka kana tafiya ba ka sani ba sai da wani ya nuna maka?" Duk wanda ya ce eh, kusan ka san sakamakon gwajin tun kafin ka fara.

Game da jini, tambayi ko sha-raɓarsa na ɗaurewa da ciwo idan ya yi tafiya, ya kuma saki da zarar ya tsaya. Tambayi sigari da sauran taba. Tambayi magungunan da yake sha, domin metformin, maganin suga, idan an daɗe a kansa yana iya rage bitamin B12, wanda ƙarancinsa ma yana kashe ji a ƙafa, shi ma isoniazid na cikin maganin tarin fuka yana iya kashe jin.

3. A cire takalmi da safa, ƙafa biyun

Ƙafa biyun, ko da ɗaya ce ake kuka da ita. Nan ne aka fi yin sakaci, musamman ranar kasuwa da layi ya yi tsawo. Idan mace ce kuma ta nuna nauyi, a samo ma'aikaciya mace, kada a haƙura da gwajin. Idan ƙafar ta sha ƙura ko taɓo a wanke a tsane tukuna, ba a ganin komai a ƙarƙashin laka.

Bi tsari ɗaya kullum don kada ka tsallake wuri: saman ƙafa, gefe da gefe, tafi, diddige, farata, sannan ka buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya da tocila.

Abin da ake nema:

Kanta. Kowane manomi yana da kaurin fata, ba wannan ake nufi ba. Wadda ake tsoro ita ce kantar da ta taru wuri guda, a ƙarƙashin babban yatsa ko a tudun gindin yatsu, domin tana nuna inda nauyin jiki ke dukan nama kullum. Idan ka hango ɗigon baƙi ko ja a cikinta, jini ne ya zuba a ƙasa, kuma sau da yawa gyambon ya riga ya fara, kantar ce ta rufe shi.

Faso. Lalacewar jijiya na hana ƙafa yin gumi, sai fata ta bushe. Idan hunturu ya kama daga Disamba zuwa Fabrairu, diddige ya dare. Matsa gefen fason a hankali ka ga zurfinsa, ko yana jini ko ruwa.

Tsakanin yatsu. Mai alwala sau biyar a rana da ba ya tsane ƙafa, da mai aikin shinkafa a fadamun Argungu, Suru ko Bunza, da masuncin Yauri da ke wuni a ruwa, duk za ka tarar fatar wurin ta yi fari ta jiƙe tana saɓulewa, galibi tsakanin yatsa na 4 da na 5. Ƙofa ce ta shigar ƙwayoyin cuta.

Idon sawu na waje da saman ƙafa. Zaman tahiya yana ɗora nauyi a nan, musamman ƙafar hagu, har fata ta yi baƙi ta yi kauri. Ga mai lafiya ba komai ba ne. Ga wanda ji ya ɗauke, wurin yakan fashe, don haka a duba shi, a kuma ba shi shawarar darduma mai laushi.

Siffar ƙafa. Yatsun da suka ƙudundune, babban yatsan da ya karkace ya hau na kusa da shi, ƙashin da ya turo a tafi, ko tsakiyar tafin da ya rufta. Sa shi ya miƙe tsaye ka sake dubawa, wata karkatar ba ta fitowa sai an ɗora nauyi. Sai farata: masu kauri, masu shiga nama, da gefen da reza ta yanka.

Gargaɗi: lalle yana ɓoye ja da baƙi duka. Idan Hajiya ta zo da ƙunshi sabo, yi sauran gwajin, ka dogara da taɓawa wajen gano ɗumi da kumburi, ka ba ta ranar dawowa idan ya dushe. Haka kuma a fata mai duhu ja ba ya fitowa sosai, yakan zo ne kamar wurin ya ƙara duhu yana sheƙi. Sa bayan hannunka ka gwama ɗumin ƙafar dama da ta hagu a wuri iri ɗaya.

4. Gwajin monofilamen

Wannan ne zuciyar aikin, kuma shi ya fi saurin lalacewa a hannun mai gaggawa.

Fara da nuna masa zaren, ka taɓa masa a hannu ya ji yadda yake, ya kuma tabbatar ba allura ba ce. Sa shi ya kwanta ko ya miƙe ƙafa a kan benci, ya rufe ido ko ya kau da kai. Idan akwai ɗan rakiya, ya koma gefe ya yi shiru, domin 'ya'ya sukan taya iyayensu amsa ba da niyya ba.

Wurare uku ake gwadawa a kowace ƙafa, duk a tafi: ƙarƙashin babban yatsa, tudun da ke gindin babban yatsa, da tudun da ke gindin ƙaramin yatsa. Riƙe zaren a miƙe ya fuskanci fata kai tsaye, ba a karkace ba. Taɓa, danna har ya lanƙwasa, ɗauke. Duka-duka kimanin daƙiƙa 2. Kada ya zame a kan fata, kada kuma ka yi ta dangwalawa a wuri guda, domin motsi ya fi saurin jiyuwa, sai ƙafar da ta lalace ta ci jarrabawar da ba ta cancanta ba.

A kowane wuri tambaya uku za ka yi: biyu ka taɓa da gaske, ɗaya ba ka taɓa komai ba amma ka tambaya da murya iri ɗaya. "Kin ji?" Idan ta ce ta ji, "A wace ƙafa, dama ko hagu?" Ka riƙa sauya jerin, kada ta gane salonka.

Tambayar wofin nan ba wasa ba ce, kuma a wurinmu ta fi ko'ina muhimmanci. Dattijo ba ya son ya ba ma'aikacin lafiya kunya. Ya ga yaro ya durƙusa gabansa yana ta fama, sai ya yi ta cewa "na ji, na ji" don kara. Wani kuma tsoron kalmar yankewa ne ke sa shi amsa eh ga komai. Idan ya ce ya ji a lokacin da ba ka taɓa ba, kada ka nuna masa ka kama shi. Ce masa, "Baba, ba laifi ba ne idan ba ka ji ba, abin da nake nema ke nan don in san inda za mu kiyaye." Sannan ka sake daga farko.

Hukunci: amsa biyu daidai cikin uku, ji yana nan a wurin. Biyu kuskure cikin uku, ji ya tafi. Wuri guda da ya faɗi ya isa ka ɗauki ƙafar a matsayin wadda ta rasa jin da ke kare ta.

Gargaɗi: kada ka ɗora zaren a kan kanta, tabo, gyambo ko mataccen nama. Matsa kaɗan zuwa gefe inda fata ta fi laushi. Ga wanda ya tashi yana tafiya ba takalmi, wani lokaci tafin gaba ɗaya ya yi tauri har lafiyayye ma ba zai ji giram 10 ba. Idan haka ne kada ka yanke hukunci da zare kaɗai, haɗa da mataki na 5, domin shi a saman yatsa ake yin sa inda ba kanta. Idan kuma ƙafar ta yi sanyi ƙalau da safiyar hunturu, bari ya ɗan zauna a ɗaki ta dawo daidai. Goge zaren da sifirit bayan kowane mutum.

5. Gwajin tunin fok

Buga ƙahonnin a tafin hannunka, ka riƙe ƙarfen ta gindi kawai, taɓa ƙahon yana kashe kaɗawar. Fara ɗora gindin a ƙashin wuyan hannunsa ya san abin da ake nufi: zirrr ɗin ake tambaya, ba sanyin ƙarfe ko nauyinsa ba. Da yawa a nan suke ruɗewa.

Ido a rufe, ɗora shi a saman babban yatsa, kan ƙashin da ke bayan farce. Nan ma sau uku, biyu yana kaɗawa, ɗaya ka kashe kaɗawar da hannu kafin ka ɗora. Biyu daidai cikin uku ya ci. Idan bai ji a yatsa ba, hau idon sawu, idan nan ma shiru, hau ƙashin da ke ƙasan gwiwa. Rubuta inda ya fara ji, don shekara mai zuwa a ga ko abin yana hawa.

6. Idan babu ko ɗaya daga cikin kayan nan

Akwai gwajin da aka ƙirƙiro a asibitin Ipswich da ke Ingila, ba ya buƙatar komai sai ɗan yatsanka manuni, kuma na gida ma zai iya yi wa mahaifinsa. Ido a rufe, taɓa kan yatsan ƙafa taɓi mai sauƙi na daƙiƙa 1 zuwa 2. Yatsu shida ne: babba, na tsakiya da ƙarami a kowace ƙafa. Ya ce "eh" duk lokacin da ya ji. Idan ya kasa ji a wuri biyu ko fiye, a ɗauka ji ya tafi.

Gargaɗi: ba a dannawa, ba a ƙwanƙwasawa, ba a sosawa, kuma ba a maimaita yatsan da bai ji ba da ƙarin ƙarfi wai don a taimaka masa.

7. Lalubi bugun jini

Wuri biyu a kowace ƙafa. Na farko a saman ƙafa: sa shi ya ɗaga babban yatsa sama, za ka ga wata jijiya ta miƙe, bugun yana gefenta ta ɓangaren sauran yatsu. Na biyu a bayan idon sawu na ciki, cikin ɗan kwarmin da ke tsakaninsa da agara. Yi amfani da yatsu biyu ko uku, ban da babban yatsanka domin yana da nasa bugun. Kada ka danna da ƙarfi, za ka toshe abin da kake nema. Idan kana shakka ko naka kake ji, riƙe wuyan hannunsa da ɗaya hannun ka gwama.

Wasu lafiyayyu an haife su ba a jin bugun saman ƙafarsu, don haka rashin guda ɗaya ba hukunci ba ne. Rashin duka biyu a ƙafa ɗaya, ko ƙafa mai sanyi, fata siririya mai sheƙi, ko ciwon sha-raɓa a tafiya, duk dalili ne na tura shi a yi awo da dofla. A can ana auna hawan jini a idon sawu da kuma a hannu, sai a raba lambar farko da ta biyu. Tsakanin 0.9 da 1.3 ana ɗaukarsa daidai. Ƙasa da 0.9 hanyoyin jini sun tsuke. Sama da 1.3 ba albishir ba ne, alama ce cewa bangon jijiyoyin ya yi tauri har awon ba abin dogaro ba ne, abin da ya zama ruwan dare ga masu suga da masu ciwon ƙoda.

8. Ɗauki takalmin ka duba

Zura hannu ciki har ƙarshe. Tsakuwa, ƙusa da ta ɓullo, ɗinki mai kaifi, shimfiɗar da ta naɗe. Juya shi ka ga inda ya fi cinyewa. Sa majiyyaci ya tsaya a kan takarda ka zana ƙafarsa, ka ɗora takalmin a kan zanen. Duk inda zanen ya leƙo waje, nan takalmin ke matsa nama, kuma ganin wannan da idonsa ya fi gamsar da mutum fiye da dogon bayani. Cikin takalmi ya kamata ya fi ƙafa tsawo da santimita 1 zuwa 2, faɗinsa ya ɗauki tudun yatsu ba matsi.

Silifa mai igiya tsakanin yatsu ba na wanda ji ya ɗauke ba ne: igiyar na yanka, ƙaya na huda shi, diddige a waje. Takalmin roba rufaffe kuma yana tara gumi da zafi. Abin da ake so shi ne sau-ciki ko kambas mai faɗi, mai kaurin ƙasa, da safar auduga marar matsi. Mai shiga fadama ya sa dogon takalmin ruwa da safa, ya cire ya tsane ƙafa da zarar ya fito.

9. Sa shi a rukuni, ka rubuta ranar dawowa

Gwajin da bai ƙare da rukuni da kwanan wata a kati ba, ɓata lokaci ne. Ga tsarin da ƙwararrun ƙafar masu suga na duniya suka amince da shi:

Rukuni 0: ji yana nan, jini yana gudu. Sau ɗaya a shekara.

Rukuni 1: ji ya tafi, ko jini ya ragu, ɗaya daga ciki. Duk wata 6 zuwa 12.

Rukuni 2: duka biyun, ko ɗaya daga ciki tare da karkacewar ƙafa. Duk wata 3 zuwa 6.

Rukuni 3: ɗaya daga ciki tare da tsohon gyambo, ko yankewa, ko ciwon ƙoda da ya kai matakin ƙarshe. Duk wata 1 zuwa 3.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sallami wanda gyambonsa ya warke kamar an gama. Shi ne ma ya fi kowa haɗari, domin kimanin 4 cikin 10 na irinsu gyambon yakan dawo cikin shekara guda. Ga mutumin karkara da bai damu da kwanan watan boko ba, haɗa masa ranar da abin da ya sani: kasuwar farko bayan ƙaramar salla, ko bayan yankan shinkafa.

Gargaɗi: ba duk rashin ji ne na suga ba. Na suga yakan kama ƙafa biyun kusan daidai, daga yatsu zuwa sama. Idan ƙafa ɗaya ce kawai, ko hannu ya riga ƙafa, ko abin ya zo da sauri da raunin tsoka, a tura wa likita. Idan akwai tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, a tuna da kuturta, a haɗa shi da jami'in tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma, maganinta kyauta ne.

10. Abin da za a faɗa wa wanda ji ya ɗauke

Kada ka zuba masa dokoki ashirin, ba zai riƙe ba. Zaɓi waɗanda suka shafi rayuwarsa, ka faɗa a gaban wanda ke kula da shi. Idonsa ne yanzu zai yi aikin da zafi yake yi a da: kullum ya duba tafi da tsakanin yatsu, lokacin alwalar azahar da haske ya wadata ya fi dacewa. Wanda ba ya iya sunkuyawa ko idonsa ya yi rauni ya sa madubi a ƙasa, ko jika ya duba masa.

Ƙuna na cikin abubuwan da ke kawo irin waɗannan mutane asibiti. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Kebbi yana haura digiri 40, kuma siminti ko tayil na harabar masallaci ranar Juma'a yana iya tayar da bororo cikin 'yan mintuna ga wanda ba zai ji ya ɗaga ƙafa ba. Ya je da wuri ya samu inuwa, ya cire takalmi a bakin darduma, ya bar safa mai kauri a ƙafa. A hunturu kuma kada ya miƙa ƙafa ga wuta ko kaskon garwashi. Ruwan wanka a gwada shi da gwiwar hannu, ko wani ya gwada masa, kuma mai jego da ke da suga a sassauta mata zafin ruwan. A kan kabu-kabu a kula da salansa.

Ya zazzage takalmi ya lalube shi kafin ya sa. Kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida. Bayan alwala ya tsane tsakanin yatsu da ƙyalle mai tsabta. Ya shafa man kaɗe ko basilin a tafi da diddige, ban da tsakanin yatsu. Farce a yanke shi a miƙe, ba a bin kwana ana ƙwaƙulo gefe, kuma masu yawo da almakashi da reza a tasha ba nasa ba ne. Kanta ba a fere ta da reza a gida, ba a kuma sa mata maganin da ke cin fata, aikin ma'aikacin da aka horar ne. Jiƙa ƙafa a ruwan zafi da gishiri yana ƙara busar da fata, a bari. Sabon takalmi a saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a fara sa shi na ɗan lokaci ana dubawa. Inda ɓeraye suka yi yawa a kwana cikin gidan sauro da safa, domin sukan ci yatsun wanda ba ya ji yana barci.

Duk wannan yana tafiya ne tare da riƙe suga da hawan jini, da barin taba. Jin da ya riga ya tafi da wuya ya dawo, amma ana iya rage saurin ɓarnar.

11. Wanda ba zai jira ranar dawowa ba

Duk buɗaɗɗen ciwo a ƙafar mai suga, komai ƙanƙantarsa, ya fita daga batun tantancewa ya koma jinya, kuma ya kamata wanda ya san aikin ya gan shi cikin kwana ɗaya. A tura a ranar, ba gobe ba, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: mugunya ko wari, ja ko duhun da ya bazu fiye da santimita 2 daga bakin ciwon, zazzaɓi ko rawar sanyi, sugan da ya ƙi sauka, ƙashi ko jijiya a bayyane, yatsan da ya yi baƙi, ko ƙafar da ta yi sanyi farat ɗaya da ciwo. Haka mai ciwon yatsu da dare wanda ba ya samun sauƙi sai ya sauko da ƙafar daga gado, wannan jini ne ya yi ƙaranci ƙwarai.

Akwai kuma wadda ke ruɗar ma'aikata: ƙafa ɗaya ta kumbura, ta fi 'yar'uwarta ɗumi sosai, babu rauni a fata, ciwon kuma kaɗan ne ko babu. Sai a ce targaɗe ne a kai wa mai ɗori, ko a ce sanyi ne. Ga wanda ji ya ɗauke, a ɗauka ƙasusuwan tsakiyar ƙafar ne ke rugujewa, abin da likitoci ke kira ƙafar Sharko, har sai an tabbatar ba haka ba ne. Hoton ƙashi na farko ma yana iya fitowa lafiya. Kada ya ƙara taka ta, a ɗauke shi zuwa mota.

Kafin tafiya a wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti ko tafasasshen ruwan da ya huce, a rufe da bandeji mai tsabta ba matsi, a duba batun allurar tetanus. Ban da toka, garin magani, man birki ko kafso da aka fasa aka barbaɗa. Ban da sakiya, tsaga ko ƙaho a ƙafar da ta kumbura, ko da an ce jifa ne ko an taka wani abu. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa su.

Babban asibiti mafi kusa, na Argungu, Yauri ko Zuru, shi ne zangon farko. Masu buƙatar tiyata ko awon jijiyoyin jini sai Birnin Kebbi, Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya, wasu kuma har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A takardar turawa a rubuta ranar da ciwon ya fara, wurinsa da faɗinsa da santimita, sakamakon zare da tunin fok, bugun da aka ji da wanda ba a ji ba, awon suga na ranar, da duk maganin da aka riga aka ba shi, har da na gargajiya.